Kawu, Mai Shoka na Ƙofar Wambai

Ranar Juma'a da hantsi aka fito da Kawu daga gidansa na Ƙofar Wambai. An wayi gari ana yayyafi, lungun duk taɓo, amma babu wanda ya kula da takalminsa. Tun kafin a gama yi masa sutura babura suka cika bakin titi har gaban masallaci. Na sha zuwa jana'iza a unguwar nan, ban taɓa ganin masu babura suna kashe inji tun daga nesa suna turowa da hannu ba sai ranar. Ba wanda ya ce su yi. Na farko ne ya kashe nasa, na bayansa suka bi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Su shida ne a ɗakinsu, shi ne babba, Inna ce auta, kuma su biyun nan kaɗai suka rage. Da aka ɗaga makara Inna na tsaye a tsakar gida. Ba ta yi kuka ba. Sai da muka kai bakin zaure na ji ta ce, "Shi ke nan. Babu sauran mai ce mini Auta." Matar Kawu ce ta kamo ta suka shiga ɗaki.

Kwana uku muka yi a tabarmar ƙofar gida muna karɓar gaisuwa. 'Yan uwa da maƙwabta sun zo kamar yadda aka saba, amma yawancin waɗanda suka zauna tare da mu ban san su ba. Akwai 'yan acaɓa, akwai masu ɗauko hatsi daga ƙauye su kai kasuwar Muda Lawal, akwai ma'aikatan lafiya masu shiga daji da akwatin allura a bayan babur. Kowa in ya shafa addu'a sai ya faɗi wani abu a kan Kawu. Wani direban a-kori-kura, ƙato mai furfura, ya ce, "Sau biyu dattijon nan yana korata daga rumfarsa. Kuma wallahi sau biyun shi ke da gaskiya." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, shi kuwa ya sa hannun riga ya share ido.

Rana ta biyu wani dattijon Bafulatani ya iso a jiƙe, daga wata ruga can bayan Miri. Ya ce sai a kasuwa labari ya same shi. Bayan ya yi gaisuwa ya ba mu labarin yadda suka san juna. Shekarun baya, in ji shi, ya sayi babur don ya riƙa kawo matarsa gari da nono. Kullum kafin su iso rabin nonon ya zube, ita kuma ta sauka tana dafe da ƙugu, har ta rantse gara ta koma tafiyar ƙafa. Aka kwatanta masa Kawu. Kawu ya saurare shi, ya ce sai ya zo da matar. Washegari da suka zo, ya shiga gida ya ciko ƙwarya da ruwa, ya miƙa mata, ya ce su je ƙarshen lungu su dawo. Suka dawo ruwa saura rabi. Kawu ya durƙusa ya juya wani abu a bayan babur ɗin, ya sake cika ƙwaryar.

"Sau huɗu muna zagayawa," in ji Bafulatanin, "mutane na kallonmu kamar mahaukata. A na huɗun ko zanenta bai jiƙe ba. Da muka koma ruga ta ce in riƙa gaishe mata da shi, kuma har ta bar duniya ba ta daina aiko masa gaisuwa ba."

Da ya tashi tafiya na raka shi bakin titi, muka wuce ta gaban rumfar Kawu. Kwano huɗu ne a kan turaku, ƙarƙashin dogon yaro, sai benci guda. 'Ya'yansa maza biyu babu wanda ya gaji aikin, ɗaya yana ofis, ɗaya tela ne. Na san ba za a daɗe ba wani zai kafa teburin shayi a wurin, 'yan unguwa na baya su tashi ba su san wanda ya zauna nan ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Ni malamin firamare ne, ba marubuci ba. Abin da na sani game da shi kaɗai zan faɗa, har da wanda ba na jin daɗin faɗa.

Mai Shoka ake ce masa. Ya iya inji, ya iya birki da kaca, a ƙuruciyarsa ma gyaran motocin daji ya yi a garejin wata ma'aikatar gona. Amma tun da na yi wayo na tarar ya bar wa wasu duk wannan, ya tsaya a kan abu guda: shokar baya, ƙarafan nan biyu masu naɗaɗɗen sifirin da ke ɗauke da nauyin mahayi da kayansa. A ƙarƙashin kowane sifirin akwai zobe mai hawa biyar. In an juya shi sama an ɗaure sifirin, in an yi ƙasa an sassauta. Aikin da wani bakanike zai yi maka a tsaye yana hira, shi Kawu sai ya cinye maka hantsi guda a kai.

Ba ya taɓa zoben sai ya san wanda zai hau, abin da za a ɗora, da hanyar da za a bi. In ka ce buhu biyu kake ɗauka, sai ya ce je ka zo da su. Yana da wata igiya mai ƙulli-ƙulli a aljihun gaba. Zai ɗaga bayan babur har taya ta bar ƙasa, ya auna daga notin taya zuwa ƙarfen ɗaure kaya. Sannan ya sauke ya ce, "Hau. Ɗauke ƙafarka, ina riƙe da kai. Ba haka kake zama a hanya ba, daina yi mini zaman ango. Zauna yadda kake zama in ka gaji." Ya sake aunawa.

Bayani ɗaya yake yi wa kowa, har na haddace. "Zoben nan ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi. Ƙarfinsa tun wurin ƙira aka yanke masa. Kai dai kana zaɓa masa inda zai tsaya ne in ka zauna. Ka zauna ya sauka kashi ɗaya cikin uku, sauran biyun na hanya ne. In ka sassauta da yawa, ramin farko zai kai ka ƙasa, ƙarfe ya bugi ƙarfe, bayanka ya sha. In ka ɗaure da yawa kuma babu kaya, sai ya riƙa tutsu da kai kamar jaki, taya na barin ƙasa." Dama da hagu kuwa dole su tsaya a hawa ɗaya. Yakan ƙirga da yatsa, da ƙarfi, sau biyu.

Sifanarsa mai ƙugiya, wadda wani maƙeri ya ƙera masa tun kafin a haife ni, ba ya ba da aronta. Kafin ya sa ta sai ya wanke zoben da kananzir da tsohon buroshin haƙori. In ya ga tabon guduma a jikin zobe, ransa ya ɓaci ke nan har la'asar.

Ko a hanya ba ya iya kau da kai. Wata rana na raka shi Muda Lawal sayen gero, a bakin kasuwa ya hango wani ɗan acaɓa ya ɗauko mace mai tsohon ciki, bayan babur ɗin ya durƙushe har yana shafar taya. Kawu ya shiga gabansa ya tsaya. Mutumin ya fara faɗa, Kawu bai ko kalle shi ba, ya ce wa matar, "Baiwar Allah, sauka ki ɗan tsaya a inuwa." Ya zaro sifana ya durƙusa cikin taɓon kasuwa da fararen kayansa, ya ƙara hawa biyu kowane gefe, ya miƙe ya ce, "Yanzu ɗauke ta. In ka ga rami ka tuna su biyu ne." Muka wuce. Bai tambayi sunan kowa ba.

Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: Kawu ba mutum ne mai sauƙi ba. Yana da zafin rai, kuma in ya yi fushi ba ya ɗaga murya, shiru yake yi, shirun da ya fi zagi ciwo. Ba ya zaman majalisa, ba ya doguwar gaisuwa. Amma da mahaifina ya rasu ina aji biyu na sakandare, shi ne ya zo ya zauna a zaurenmu ya ce wa dangin uba, "Karatunsa ba zai tsaya ba." Bai ƙara ko kalma ba, kuma karatun bai tsaya ɗin ba. Ranar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye gaba da Miri, shi ya zaɓa mini babur mai dogayen ƙafafu irin na shiga daji, ya auna ni da jakar littattafaina, ya tsayar da zoben a hawa na biyu.

Shekara ta uku da fara aikina muka noma gonar Inna da ke hanyar ƙauyen, masara ta yi kyau. Da kaka na zo wurinsa na ce ya ɗaure mini har hawa na biyar, buhu huɗu nake so in kwaso a sawu ɗaya.

"Biyu," ya ce. "In kai maka hawa na huɗu, ka yi sawu biyu. In ka gama ka dawo in mayar."

"Kawu, hanyar da nisa. Na ga masu ɗora biyar ma."

"Kai kana ganinsu suna tafiya. Ni nake ganinsu in sun dawo."

Na ce ai babur ɗina ne. Ban san yadda maganar ta fita daga bakina ba. Ya dube ni, ya mayar da sifanar aljihu, ya juya ga wanda ke bayana a layi.

Na koma gida na sami guduma da wani guntun ƙarfe, na yi ta bugun zoben har ya hau. Na kwaso buhu huɗu, na sauke su a tsakar gida ina ji da kaina. Na ga wani baƙin mai yana tsattsafowa daga shokar hagu, na goge da tsumma na manta. Zoben ma ban mayar ba, don mayarwar sai dai in sake shan wahalar guduma ko in koma wurin Kawu.

Bayan kwana tara aka yi suna a gidan 'yar wata ƙawar Inna a Miri, na ɗauke ta. Inna 'yar ƙaramar mace ce, ba ta da nauyi. Mun bar kwalta ke nan muka shiga wani wuri da ruwan damina ya zaizaye ya bar shi kunya-kunya. Ba gudu nake ba. Bayan babur ɗin ya yi sama, ya dawo, ya sake yin sama fiye da na farko, sai na ji babu kowa a bayana. Da na waiwaya Inna na kwance a gefen hanya, hannunta na dama a lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasawa. Abin da ta fara cewa shi ne, "Kayan barkan fa, ba su zube ba?"

Kawu ya zo asibiti bayan azahar. Ya shiga ya ga ƙanwarsa, ya fito bai kalle ni ba, ya nufi inda na jingine babur. Ya durƙusa ya bi tabon guduma da babban yatsa, ya taɓa man da ya tsiyaye ya shinshina. Sannan ya miƙe, a gaban 'yan uwa da masu jinya, ya ce, "A kan wannan ka ɗora mini ƙanwa?"

Ya juya zai tafi, sannan ya ƙara da cewa:

"Kada ka ƙara taka rumfata."

An ɗora hannun, ya warke, amma bai koma daidai ba. Inna fura take yi tun muna yara, duk lungunmu furarta ake sha. Daga lokacin ba ta ƙara iya riƙe taɓarya ba, kuma ba ta taɓa ce mini komai a kai ba. Kawu kuwa shekara biyu saura kaɗan bai yi mini magana ba. In na yi masa sallama a masallaci zai amsa, don ba ya wasa da haƙƙin sallama, daga nan ba ƙari. Na tura abokan mahaifina biyu su ba shi haƙuri, ya ce ya ji. Da aka haifa mini 'yar fari ya zo suna, ya yi addu'a, ya tafi bai ci komai ba.

Inna ce ta kawo ƙarshen abin. Wata Talata da safe ta yafa mayafi ta tafi rumfar da ƙafa, ta zauna a bencin da maza ke jiran layi. Matar Kawu ce ta ba ni labari, don ta leƙo daga zaure ta ga komai. Masu babura suka dare suka ba ta wuri. Kawu ya ce, "Auta, lafiya? Shiga gida mana."

"Nan zan zauna, Yaya."

"Wurin maza ne."

"Na gani." Ta zaro hannun daga mayafi ta ɗora a gwiwa. "Hannun wa ya karye?"

Kafin ya buɗe baki ta ba kanta amsa.

"Nawa ne. Ni na ji zafin, ni na bar daka. Na yafe wa yaron nan tun muna gefen hanya. Kai kuma fushin me kake ta yi a kan abin da ba naka ba? Ba shi da uba. So kake kai ma ya rasa ka kana raye?"

Kawu ya daɗe yana juya sifana a hannu. Can ya ce, "Ki ce ya zo da babur ɗin."

Na zo washegari. Bai ta da maganar da ta wuce ba, ni ma da na fara ba da haƙuri ya ɗaga mini hannu. Ya cire shoka biyun da wani ya lallaɓa mini, ya sa wasu, sannan ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Ya miƙo mini sifanar.

"Wanke zoben tukuna. Ɗaga bayan, kada ka juya shi da nauyi a kai. Sa ƙugiyar ta zauna sosai. A hankali. Zai faɗa da kansa, za ka ji."

Na ji ƙas, zoben ya hau.

"Ɗaya gefen."

Na koma ɗaya gefen na gama. Ya ƙirga hawan da yatsa, ya ce in wanke hannu. Matarsa ta kawo dambu muka ci a kwano ɗaya. Tun daga ranar duk ƙarshen mako ina rumfar, har ƙarfinsa ya fara ƙarewa.

Bara ciwon ya soma. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Ya ci gaba da fitowa yana zama a benci, yana kallo yana faɗa wa mutane inda za su tsaya, su juya da kansu. Da daminar bana ta kankama ya kwanta gaba ɗaya. Likita ya ce zuciya ce, a kai shi gida a kula da shi. Tun ranar Litinin ta makon ƙarshe ya daina cin komai, ko ruwa sai an matsa masa.

Ranar Alhamis da safe na shiga gaishe shi, ya ce wa matarsa ta ba mu wuri. Ya sa na tayar da shi na jingina shi da bango.

"Malam," haka yake kirana tun da na fara koyarwa, "akwai inda zan aike ka. Amma sai ka ji dalili."

Ya ce lokacin da yake garejin ma'aikatar gona yana da aboki, malamin gona ne, Kirista, mutumin kudancin jiha. Tare suke cin abincin rana. In azumi ya zo abokin ba ya ci a gabansa, in Kirsimeti ta zo Kawu ne ke yanka musu akuya don ya ci tare da su. Wata rana abokin zai kai taki ƙauyuka a babur, Kawu ya ɗaure masa zobe har hawa na biyar. Da ya gama rabo ya biyo garejin da la'asar.

"Ina ƙarƙashin wata mota," in ji Kawu. "Ƙafafunsa kawai na gani. Ya ce, na sauke takin, fito ka sassauta mini. Aikin da bai kai a sha ruwa ba. Ko kaina ban fito da shi ba. Na ce gobe. Ya ce da sassafe zai fita. Na ce to, in ka dawo."

Ya tsaya yana mayar da numfashi. Na miƙa masa ruwa ya kau da kai.

"Bai dawo da ƙafarsa ba. A gangaren wani rafi babur ya yi tutsu da shi, ya faɗa kan dutse, baya ya karye. Shekara huɗu yana kwance kafin ya rasu. Kowa ya ce tsautsayi. Ni kaɗai na san ya zo."

Na ce, "Kawu, ƙaddara ce."

"Na san ƙaddara, ba kai za ka koya mini ba. Saurara. Na je duba shi sau uku. A na ukun ya yi mini dariya, ya ce yaushe zan zo mu sha kunun acca. Na fita ban ƙara komawa ba. Ba na iya kallonsa. Ranar da aka binne shi a bayan mutane na tsaya. Matarsa na nan da rai, tana Miri wurin ɗanta. Na san gidan, na wuce ƙofar ya fi a ƙirga. Ka je ka faɗa mata abin da na faɗa maka, kada ka rage komai. Ka ce ina neman gafara."

Sai a lokacin na gane abin da ya gani a jikin babur ɗina a ƙofar asibiti.

Na kama hanya. Gidan na bayan wata 'yar coci, da zogale a bakin danga. Na tarar da tsohuwa a rumfa tana tsince wake, da gilashi a hanci. Na gaishe ta, na ce ni ɗan ƙanwar bakaniken da ya yi aiki da maigidanta ne. Ta ajiye faifan.

"Yana da rai?"

Na ce yana da rai, amma jiki ya yi tsanani. Ta turo mini kujera da ƙafa. Na zauna na faɗa mata duka, kaina a ƙasa. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta cire gilashin ta goge da bakin zane, ta yi magana da Hausarta ta mutanen kudu.

"Ɗana, wannan ai na sani. Baban yara ya gaya mini tun a asibiti. Ya ce ya je, abokinsa yana aiki, ya ce masa gobe. Ya ce shi ma yana da sifana a akwatin mashin, ya iya juyawa, ƙyuya ne ya hana shi. Bai taɓa ɗora wa kawunka ba, ko sau ɗaya. Ubangiji shaida ne."

Na sauke ajiyar zuciya, na fara godiya. Ta ɗaga hannu.

"Ban gama ba. Abin da ya ci shi, rashin zuwan. Duk Lahadi in na dawo coci sai ya ce in juya masa gado ya kalli ƙofa, wai yau ba aiki, Makaniki zai zo. Shekara huɗu. Ni na yi fushi da kawunka, ba zan ɓoye maka ba, na daɗe ina fushi. Shi bai yi ba. Ya ce kunya ne ya kama shi, ku bar shi, zai zo." Ta mayar da gilashin a hanci. "To, ga shi ya zo. Ka ce masa na yafe. Baban yara ma ya yafe tun yana nan."

Ta shiga ɗaki ta fito da acca a ƙulle a leda. "A dama masa. Da tsamiya yake so, kada a cika sukari."

A hanyar dawowa na yi ta saƙawa ina warwarewa. Mutum na bakin mutuwa, me zai ƙara masa ya ji labarin gado da ƙofa? Kafin in iso Ƙofar Wambai na yanke shawara zan faɗa masa rabin farko in ja bakina.

Na same shi yadda na bar shi, Inna na zaune a gefen katifa tana yi masa fifita. Ta yunƙura za ta fita, ya ce ta zauna. Na ce, "Kawu, ta ce ta sani tun tuni. Shi da kansa ya faɗa mata, kuma bai taɓa ganin laifinka ba. Ta ce ta yafe, shi ma ya yafe."

Ya zuba mini ido. Idanun sun faɗa, amma kallon na nan yadda na san shi.

"Saura."

"Shi ke nan, Kawu."

"Malam, na ce kada ka rage mata komai. Ni ma kada ka rage mini."

Na faɗa masa. Lahadin, da gadon, da ƙofar, da abin da abokin yake cewa. Ban taɓa ganin hawayen Kawu ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarsu. Ranar na gani. Babu sauti, suna bin gefen fuska suna shiga gemu, Inna na sharewa da hannunta na hagu. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Ta ce na zo?"

"Haka ta ce. Ta ce ga shi ka zo."

Ya gyaɗa kai. Ya ga ledar a hannuna ya tambaya, na ce acca ce ta bayar a dama masa.

"To, a dama."

Matarsa ta dama da tsamiya. Inna ta riƙa ba shi a cokali, ya sha ya kai cokali bakwai, mutumin da ya kwana uku bai yarda da komai ba. Ya ce tsamiyar ta yi daidai. Aka taimaka masa ya yi taimama, ya yi sallar la'asar a kishingiɗe, ya sami barcin da ya daɗe bai samu ba. Washegari bayan an idar da sallar asuba, matarsa na riƙe da kansa, yana maimaita kalmar shahada a hankali, ya cika.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa abin da muka sani da abin da ya daɗe yana ɗauke da shi shi kaɗai. Ya yalwata masa makwanci, Ya ba Inna da matarsa juriyar rashinsa. Wanda wannan takarda ta iso hannunsa, ko ya san shi ko bai san shi ba, ina roƙon ya sa shi a addu'a.